Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga magoya bayan Manchester United na gidajen kallon Legas

Assalamu alaikum.

Yayyena da ƙannena na Agege, da Mile 12, da Idi-Araba, da Obalende, da Alaba Rago, da duk wani lungu na garin nan da ake jera benci a tayar da janareto saboda United za ta buga wasa, ina gaishe ku. Ya kasuwa, ya iyali, ya muka ji da haƙuri?

Tun ranar Litinin 5 ga Janairun 2026 da labari ya fito cewa an sallami kocinmu Ruben Amorim, wayoyinmu ba su huta ba. Wasu na ta yi wa juna barka, har da masu saya wa jama'a shayi. Wasu kuma na cewa an ci amanar bawan Allah. Kowane ɓangare yana kallon ɗayan a matsayin wanda bai san ƙwallo ba. Ni ma ina da ra'ayina a kan mutumin, kuma zan faɗe shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma abin da ya tayar da ni rubuta muku shi ne, wannan ne karo na shida da muke wannan hayaniyar tun da Sir Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013, kuma a kowane karo sai mu taru a kan mutum ɗaya, waɗanda suka ɗauko shi su zame su koma gefe. An bar jaki ana dukan taiki, sandar kuwa a hannunmu take.

Ku tuna yadda aka yi ta zuwa. David Moyes da bakin Ferguson aka kawo shi, aka ba shi kwantiragin shekara shida, ko shekara ɗaya bai cika ba aka sallame shi. Muka ce dama rigar ta yi masa yawa. Aka ɗauko Louis van Gaal, dattijon da ya kai Holand matsayi na uku a kofin duniya na 2014, muka ce yanzu aka zo wajen. Ya ci kofin FA a watan Mayun 2016, bayan kwana biyu aka kore shi, muka ce gara haka, ƙwallonsa na sa mutum gyangyaɗi. Mourinho ya ɗauko kofin League da na Europa a 2017, ya ƙare na biyu a Firimiya a kakar da ta biyo baya, amma da Liverpool ta ci mu 3-1 a Disamban 2018 aka ce ya tattara kayansa, mu kuma muka ce ya cika rigima da 'yan wasa. Solskjaer ɗan gida ne, shi ya zura ƙwallon da ta ba mu kofin zakarun Turai a 1999. Daren da ya fitar da PSG a Faransa a watan Maris na 2019, ihun da aka yi a gidan kallon unguwarmu sai da maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko lafiya. Da Watford ta ci mu 4-1 a Nuwamban 2021, bakin da ya yi wannan ihun shi ya ce mutumin murmushi kawai ya iya. Erik ten Hag ya kawo kofin League a 2023, ya doke Manchester City 2-1 a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024, wata biyar bayan nan ya bi sahun na gabansa.

A cikin mutanen nan akwai tsoho akwai matashi, akwai mai zafin kai akwai mai sanyin hali, akwai wanda ya ci kofuna a ƙasashe daban-daban akwai wanda ya taso a cikin gidan. Babu abin da ya haɗa su sai abu ɗaya: ko ɗayansu bai ɗauko mana Firimiya ba. Duk wanda ya zauna a Legas ya san mai danfon da motarsa ke mutuwa kullum a kan gada, shi kuma kullum sai ya canja direba. Na farko ya ce ba ya kula, na biyu ya ce yana da gudu, na uku ya ce ɓarawo ne. Idan aka kai direba na shida motar tana nan tana tsayawa a wuri ɗaya, ai ko yaron mota ya san lokacin buɗe inji ya yi.

Ban zo wanke Amorim ba. A kakarsa ta farko mun ƙare na 15 da maki 42, abin da ba mu taɓa gani ba tun da aka fara Firimiya a 1992. Tottenham ta ci mu 1-0 a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao. A watan Agustan 2025 Grimsby, ƙungiyar da ke rukuni na huɗu a Ingila, ta fitar da mu daga kofin League a bugun fenareti. Amorim ya kafe a kan 'yan baya uku ko da kuwa kowa na ganin yaran ba su saba ba, ya ajiye Kobbie Mainoo a benci wata da watanni, yaron da ya ci mana City a Wembley. Duk wanda ya ce ransa ya ɓaci da waɗannan yana da gaskiya, nawa ma ya ɓaci.

To amma wa ya ɗauko shi? Mutumin nan bai ɓoye salonsa ba. Da 'yan baya ukun nan ya ci gasar Fotugal sau biyu da Sporting, a 2021 da 2024, da su ya lallasa City 4-1 a gasar zakarun Turai kwanaki kaɗan kafin ya iso, daren da muka yi ta murna tamkar United ce ta ci. Shi da bakinsa ya faɗa cewa ya so a bar shi sai ƙarshen kaka, aka ce masa ko yanzu ko a fasa. Aka damƙa masa 'yan wasan da aka saya wa wani kocin saboda wani salon daban, a tsakiyar kaka, ana buga wasa duk bayan kwana uku. A watan Oktoban 2025 Sir Jim Ratcliffe, mai hannun jarin da ke juya harkar ƙwallon ƙungiyar, ya fito ya ce sai an ba shi shekara uku kafin a yanke masa hukunci. Wata uku ba su cika ba aka kore shi, ƙungiya tana ta shida a tebur, Amad Diallo da Mbeumo da Mazraoui suna Maroko wajen kofin Afirka. Idan salonsa bai dace da United ba, laifin na wanda ya biya kuɗi ya kawo shi ne. Idan kuma ya dace, laifin na wanda ya kasa jira ne. Ta kowace fuska akwai masu amsa tambaya, kuma har yau suna kan kujerunsu.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin yawancinmu 'yan kasuwa ne, mun san lissafi. A bazarar 2024 shugabannin nan sun shafe makonni suna shawara a kan Ten Hag, suka ƙara masa shekara ɗaya a kwantiraginsa, suka kashe kusan fam miliyan 200 wajen sayo masa Yoro da De Ligt da Zirkzee da Mazraoui da Ugarte. Kafin ƙarshen Oktoba sun kore shi. Sun biya Newcastle kuɗi suka ɗauko Dan Ashworth ya zama daraktan wasanni, bayan wata biyar suka rabu da shi. Sallamar Ten Hag da mutanensa da ta Ashworth ta ci fam miliyan 14 da rabi, ban da abin da aka biya Sporting don ta saki Amorim. A daidai wannan lokacin aka rage ƙananan ma'aikata 250, daga baya aka sanar da rage wasu, aka soke abincin rana da ake ba su kyauta, aka ɗaga kuɗin tikiti zuwa fam 66 ba ragi ga yaro ko tsoho. Scott McTominay da aka sayar wa Napoli ya je ya ci gasar Italiya a 2025, har aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. Sama da duk wannan akwai iyalan Glazer, da suka sayi ƙungiyar a 2005 da kuɗin bashi suka ɗora bashin a wuyanta, ƙungiyar da a da ba a bin ta. Shekara ashirin ana biyan kuɗin ruwa, rufin Old Trafford na yoyo, duniya ta gani da idonta ranar wasan Arsenal a Mayun 2024.

Ina tambayarku, a cikin dubban saƙonnin da muka tura wa juna a makon nan, guda nawa ne suka ambaci waɗannan? Korar koci ita ce hanya mafi sauƙi da mai ƙungiya ke sayen shirun magoya baya. Ya san da zarar ya yi, wata shida za mu yi muna gardamar sabon salo da wanda za a sa da wanda za a ajiye, babu mai waiwayarsa. Mutanen Manchester da ke shiga filin da ƙafarsu sun daɗe da gane haka. Tun 2005 wasu suka ɓalle suka kafa FC United saboda ƙin jinin cinikin Glazer, a 2010 suka riƙa ɗaura ƙyallen kore da ruwan ɗorawa, launin ƙungiyar na asali, a Mayun 2021 zanga-zangarsu ta sa aka ɗage wasan Liverpool. Ban ce mu fasa komai ba, kuma ban goyi bayan kutsawa fili ba. Ina cewa ne sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. 'Yan Najeriya na cikin masu ƙarfin murya a Facebook da X idan ana maganar ƙwallon Ingila, to mu san wanda za mu riƙa kiran sunansa.

Na san abin da 'yan Chelsea da ke zaune a bencin baya za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. A zamanin Abramovich, tsohon mai Chelsea, ana korar koci a tsakiyar kaka a ɗauko kofi: Di Matteo ya karɓi riƙon ƙwarya a 2012 ya ci kofin zakarun Turai, Tuchel ya zo a Janairun 2021 ya ci shi a watan Mayu. Gaskiya ne. Sai dai a can koci na tafiya ne ya bar ginshiƙai a tsaye. A 2012 akwai Terry da Lampard da Drogba da Cech, mutanen da suka yi shekaru tare, duk wanda ya zo a kansu yake ɗorawa. Mu kuwa kowane koci da nasa mutanen yake zuwa, wanda ya gaje shi ya ce ba ya son su, a sayar da asara ko a tura aro. Antony da aka sayo daga Ajax a kan sama da fam miliyan 80 a 2022 ya koma Real Betis a 2025.

Kuma mu da muke alfahari da Ferguson, mu tuna yadda ya fara. Nuwamban 1986 ya zo, sai 1990 ya ɗauki kofinsa na farko, sai 1993 ya ci gasar lig. A Disamban 1989 wani mai goyon baya ya ɗaga ƙyalle a Old Trafford yana cewa shekara uku ana ba su uzuri, ya kama gabansa. Da a lokacin akwai waya a hannun kowa, da wuya mu bar shi ya kai ga kofunan Firimiya 13. Klopp, yana kocin Liverpool, ya sha kashi a wasan ƙarshe har sau uku kafin ya ɗauki kofi a 2019. Ba sai mun je Turai ba ma. Ga Ikenne nan kusa da mu a jihar Ogun: Remo Stars ta ƙare ta biyu a 2023, ta sake ƙarewa ta biyu a 2024, aka bar kocinta Daniel Ogunmodede a kan aikinsa, a 2025 ya ɗauko musu kofin gasar Najeriya karo na farko a tarihinsu. Haƙuri shi kaɗai ba ya cin kofi, akwai kocin da ko shekara goma aka ba shi ba zai kai ko'ina ba. Amma ba a gane wanda zai kai da wanda ba zai kai ba a wasa biyar, mu kuwa a wasa biyar muke naɗa sarki, a wasa biyar muke tsige shi.

Yanzu bari in dawo gida, wajen da ya fi damuna, domin Ratcliffe bai san da zamanmu ba, amma mu mun san juna.

Daren wasan Grimsby ina zaune a gidan kallo a Agege. Layi biyu a gabana akwai wasu samari biyu, 'yan gari ɗaya ne, rumfa ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke cin abinci. Ana cikin bugun fenaretin nan da ya ƙi ƙarewa ɗaya ya ce a kori mutumin nan yau ɗin nan, ɗayan ya ce yaran ne ba su da zuciya. Magana ta yi magana, sai ga ashar ta fito, aka ambaci mahaifiya. Benci ya kife, wayar wani ta faɗi ta fashe, mai gidan kallo ya kashe talabijin. Wani dattijo mai shayi a bakin ƙofa ne ya shiga tsakani, yana riƙe da hannun kowannensu yana cewa, ku ji tsoron Allah, iyayenku suna can suna yi muku addu'a ku kuna nan kuna zaginsu a kan Bature. Maƙwabtanmu Yarbawa suna tsaye a kan baranda suna kallo. Wannan ya fi cin da aka yi mana ciwo a raina. Mu baƙi ne a garin nan, neman halak ya kawo mu, kuma kun san yadda ƙaramar hatsaniya ke zama babba a Legas idan aka ce 'yan Arewa ne. Wanda zai kai ka asibiti da tsakar dare, ko ya karɓo ka idan an kama maka babur, ko ya raka gawarka gida, shi ne wannan da kake zagi a kan 'yan baya uku.

Sai kuma caca, wadda ta shigo gidajen kallonmu ta zauna daram. Duk lokacin da aka canja koci sai ka ji ana raɗe-raɗin cewa sabon koci ba ya faɗuwa a wasansa na farko, a zuba kuɗi. Na ga yaro mai tuƙa keke ya ɗauki balas ɗin da zai kai wa mai keken ya zuba a kan wannan maganar lokacin da Amorim ya zo, aka tashi 1-1 da Ipswich. Yadda ya zauna a ƙasa ya dafe kai bayan an watse, har yau ina ganinsa. Ku lura da kyau, da yawa daga masu zagin koci da 'yan wasa har da kumfar baki, ba ƙungiyar ce ta dame su ba, kuɗinsu ne ya tafi. Addininmu ya haramta caca a fili, kuma babu mai wankin mota ko ɗan dako ko mai gadi da ya zo Legas don ya tara wa masu shagon caca kuɗi. Manyanmu da ke zama a gaba, wannan maganar taku ce, ku kuke da bakin da yaran nan za su ji.

Gidan kallo wuri ne mai daraja a wajena. Odion Ighalo yaron Ajegunle ne, ya sha faɗin yadda yake tara 'yan kuɗinsa yana yaro don ya biya ya kalli United, har Allah ya kai shi ya sa rigarta a 2020, ɗan Najeriya na farko da ya buga mata. A irin bencinmu ya zauna. Nan ne mai sayar da albasa da ɗan canji da ɗalibi ke zama kafaɗa da kafaɗa, nan ake jin labarin gida, nan ake haɗa wa wanda aka yi wa rasuwa kuɗin mota. Ba na so ya zama wurin da mutumin kirki zai ji kunyar a gan shi.

Saboda haka ina roƙon masu gidajen kallo, don Allah ku kafa doka ku tsaya a kanta: wanda ya zagi iyayen wani a mayar masa da kuɗinsa ya fita, ko wane ne shi, ko kullum yake zuwa. Masu kula da zaurukanmu na WhatsApp, ku daina cire mutum saboda ya ce yana son kocin da kuka tsana, ku cire mai ashar da mai tallan caca. Idan wasan ƙarfe shida da rabi ya faɗo a kan Magariba, a tashi a yi salla, ƙwallon da aka ci za a maimaita ta. Tsokana tsakaninmu da 'yan Arsenal da Chelsea da Liverpool kuwa a ci gaba da ita, ita ce daɗin abin, amma ta tsaya a kan ƙwallo.

Shi kuma wanda za a kawo, ko ɗan gida ne ko baƙo, kada mu ɗaga shi sama a makon farko. Zai iya cin wasa uku a jere, yawancinsu sun yi, Solskjaer ma takwas ya ci a jere da zuwansa. Mu jira mu ga wa zai zaɓi 'yan wasan da za a saya, shi ko daraktoci, mu ga ko salon da aka ɗauko shi a kansa shi ne wanda aka kashe kuɗi a kai a bara. Ranar da abubuwa suka fara cuɗewa, kuma za su cuɗe, kafin mu kira sunansa mu fara kiran na shugaban gudanarwa Omar Berrada da daraktan ƙwallo Jason Wilcox da Ratcliffe da iyalan Glazer, mu tambayi me suka ce za su yi, me suka yi.

Abu na ƙarshe. Ikorodu City na buga wasanninta na gida a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan, kuma ƙungiyoyin Arewa, har da Kano Pillars, suna zuwa nan su buga. Kuɗin motar da za ka kashe daga Obalende bai taka kara ya karya ba. Ina ba shugabanninmu shawara, duk ranar da wata ƙungiyar gida za ta zo, a sanar a zauruka tun da wuri, a haɗu a tafi tare, a zauna lafiya a tashi lafiya. Yaran nan suna kwana a hanya kafin su iso, su fito fili ba mai kiran sunansu. Masu murnar tafiyar Amorim da masu baƙin cikinta duk mota ɗaya za ta ɗauke mu.

Allah ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema, ya mayar da kowa gida lafiya.

Wassalam.

Ɗan uwanku, daga Agege.